Buɗe Asusun Banki da Tarihin Bashinka: Tambayoyin da Kanawa Suka Fi Yi

Yanzu da wuya ka sami ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa mai asusu ɗaya tak. Wani uku gare shi, wani biyar, ban da na'urorin POS biyu da ke kan teburinsa, kowacce da bankinta. Tare da wannan yalwa sai wani tsoro ya shigo gari: wai yawan buɗe asusu yana ɓata wa mutum suna a banki, wai akwai kundin da ake rubuta mutum bai sani ba. Kundin kam akwai shi. Sai dai abin da ake rubutawa a ciki ba shi ne abin da yawancin mutane suke zato ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin 'yan kasuwa, ma'aikata, ɗalibai da mata masu sana'a a gida.

Wai mene ne wannan tarihin bashi, kuma a hannun wa yake?

Bayani ne da ake tarawa a kan duk wanda ya taɓa karɓar rance a hannun banki, babba ko ƙarami, ko wani kamfanin ba da rance mai rajista. Za ka ga sunanka a ciki, da lambar BVN (lambar shaidarka ta banki), da adireshi da lambar waya. Sai kowane rance da ka ci: wa ya ba ka, nawa ne, yaushe, nawa ya rage, ka biya a kan lokaci ko ka yi jinkiri, kuma jinkirin na kwana nawa ne. Ana kuma nuna rancen da ka tsaya wa wani, da cakin da ka rubuta ya dawo babu kuɗi, da sunayen waɗanda suka nemi ganin bayaninka.

A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin wannan aiki: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Masu ba da rance suna tura musu bayani a kai a kai. Shi ma CBN yana da nasa rumbun, CRMS, inda bankuna ke shigar da rancen da suka bayar. Dokar da ta tsara harkar ita ce ta 2017, wadda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Ka'idar CBN ta ce kafin banki ya ba ka rance sai ya dubo rahotonka a aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan uku.

Mutane sun fi kiransa baƙin kundi, amma ba na masu laifi kaɗai ba ne. Wanda ya ci ya biya lafiya ma yana ciki, kuma shi wannan rubutun ne zai yi masa rana gobe.

Idan na buɗe asusun ajiya, zai shiga tarihin bashina?

A'a. Ajiya kuɗinka ne ka kai wa banki, shi ne ma ya zama kana binsa. Ka duba mai shago a Singa da littafin bashinsa: wanda ya shigo ya sayi katon ɗin taliya ya biya nan take ba ya shiga littafin, ko da sau goma zai shigo a rana. Sai ranar da ya ce a ba shi kaya zai kawo kuɗin ran Juma'a, sannan biro ke taɓa takarda.

Abin da banki ke bincika ranar buɗe asusun ajiya shi ne kai wane ne. Zai gwada BVN ɗinka da abin da ke rumbun NIBSS, kamfanin da ke riƙe da bayanan BVN, ya gwada lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da na hukumar NIMC mai ba da ita, ya ga ko suna da ranar haihuwa sun dace, ya kuma duba ko BVN ɗin na cikin jerin waɗanda aka kama da zamba. Tun sanarwar CBN ta watan Disambar 2023, ƙaramin asusu na matakin farko yana buƙatar BVN ko NIN, mataki na biyu da na uku kuwa sai da duka biyun. Matakan nan iyakar kuɗi suke nufi: na farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, na biyu 500,000, na uku ba shi da iyaka. Ɗaga asusu daga wannan mataki zuwa wancan ma ba ya taɓa tarihin bashi.

To asusun karant fa? An ce shi daban ne.

Shi ma a karan kansa ba rance ba ne, amma yana zuwa da ƙofofi biyu da asusun ajiya bai da su. Ta farko littafin caki. Ta biyu abin da ma'aikatan banki ke kira obadiraf, wato a bar ka ka ciri fiye da abin da ke cikin asusunka zuwa wani adadi, ka mayar daga baya da kuɗin ruwa. Obadiraf rance ne cikakke. Ranar da aka amince maka da shi, an buɗe maka layi a tarihin bashi, kuma za a dubi rahotonka kafin a amince.

A nan ne ya kamata mutum ya rage gaggawa. Fom ɗin buɗe asusu yakan kai shafi huɗu ko fiye, kuma abin da aka saba gani a zauren banki shi ne ma'aikaciya ta sa ɗan alama da fensir a wurare uku ta ce, "Alhaji, sa hannu nan, da nan, da nan." A cikin ƙananan rubutun da ke saman waɗannan wuraren, bankuna da yawa suna sa sharaɗin cewa ka yarda su nemi bayaninka a wurin kamfanonin tarihin bashi, su kuma tura musu naka. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Abin dubawa shi ne ƙananan akwatunan da ake cankewa: katin bashi, rancen albashi, obadiraf. Idan ba ka nema ba, ka ce a bar su fayau. Maganar caki tana da tata amsar a ƙasa, don ta fi wannan zafi.

Asusuna biyar a bankuna daban-daban. Yawansu zai rage min daraja a idon masu ba da rance?

Yawan asusu ba ya rage maki, wato lambar da kamfanonin tarihin bashi ke ba mutum gwargwadon yadda yake biyan bashi. Babu wurin da ake ƙirga su a rahoton bashi matuƙar babu rance a jikinsu. Raba kuɗi ma yana da amfaninsa: hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana tsaya wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a kowane babban banki, miliyan 2 a ƙananan bankuna, tun ƙarin da ta yi a 2024. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa da kwastoma a gabansa netwok ɗin banki ɗaya ya ɗauke ya san dalilin asusu na biyu.

Illar yawan asusu a wani wuri take. Idan ka zo neman jari, banki zai nemi takardar shige da ficen kuɗinka ta wata shida ko shekara. Ɗan kasuwar da cinikinsa ya warwatsu a wuri biyar, kowace takarda za ta nuna shi ƙarami ne, alhali a Dawanau tirela yake lodawa. Shawarata ita ce a sami uwar asusu guda wadda yawancin ciniki ke bi ta cikinta, sauran su zama na ko-ta-kwana.

Idan banki ɗaya na bina bashi, na koma wani na buɗe sabon asusu, na tsira?

A da ana yin haka, yanzu hanyar ta toshe. BVN da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2014 lamba ɗaya ce mai alƙaluma 11, an ɗaure ta da zanen yatsunka da fuskarka, kuma duk asusun da ka buɗe a ko'ina a jikinta yake rataye. Sabon bankin zai iya buɗe maka asusun ajiya ba gardama. Amma ranar da ka nemi ko sisi a wurinsa, rahotonka zai nuna masa tsohon bashin.

Sannan ga GSI, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Agustan 2020. Takardar izini ce da mai karɓar rance ke sa wa hannu, cewa idan ya kasa biya, bankin da ke binsa zai iya ɗibar kuɗin daga duk wani asusu da ke jikin BVN ɗinsa a sauran bankuna: na ajiya, na karant, na dala, har da na haɗin gwiwa da wani. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake ɗiba ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. A farkon 2022 CBN ya gyara ka'idar, aka daina iyakance yawan yunƙurin ɗiba, sai dai a yi ta gwadawa har bashin ya ƙare. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce an turo masa kuɗin kaya da la'asar, kafin isha'i alat ya shigo an kwashe rabi, a bankin da bai taɓa cin bashinsa ba.

Hajiya da ke tambaya ko za a taɓa nata asusun saboda bashin maigida: idan da sunanki da BVN ɗinki kaɗai aka buɗe shi, kuma ba ki tsaya masa ba, GSI ba ya isa gare shi. Asusun da kuka buɗe tare shi ne abin lura.

Neman rance da ba a ba ni ba, shi ma ana rubuta shi?

Ƙin da aka yi maka ba ya fitowa a matsayin laifi, amma dubawar da aka yi tana barin sawu. Duk mai ba da rancen da ya buɗe rahotonka, sunansa da kwanan wata suna zama a ciki. Dubawa ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma idan jami'in banki ya ga wurare shida sun duba ka cikin mako biyu, abin da zai karanta shi ne wannan bawan Allah a matse yake, yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Lissafin maki ma yana la'akari da yawan neman sabon rance, ko da yake nauyinsa bai kai na biya a kan lokaci ba, bai ma yi kusa ba.

Saboda haka kafin ka cike fom, tambayi sharuɗɗan da baki: ruwa nawa, wata nawa, me ake buƙata. Tambaya ba ta barin sawu.

Bankunan waya irin su OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda fa?

Hukuncinsu ɗaya da sauran: buɗe asusu da karɓar kuɗi da turawa ba su shiga tarihin bashi. Bambancin shi ne kusancin rancen da yatsanka. A banki sai ka je, ka zauna, ka cike takarda. A waya kuwa ga maɓalli nan yana walƙiya, an rubuta maka ka cancanci naira kaza, dannawa biyu kuɗi sun shigo. Wannan naira dubu goma da ka karɓa da tsakar dare don sayen data rance ne kamar kowane rance, kuma masu ba da shi da suke da rajista suna iya kai rahotonsa. Haka ma wayar da aka saya a Farm Centre a tsarin biya kaɗan-kaɗan ta hannun kamfanin rance.

Abin takaici shi ne ƙananan basukan nan sun fi manyan ɓata wa mutane tarihi, don su ake mantawa. Mutum ya sauya layi, ya goge manhajar, ya ɗauka magana ta wuce. Bayan shekara biyu ya zo neman miliyan uku na jari, a ce masa akwai dubu bakwai da ke rataye a wuyansa.

Su kuma manhajojin ba da rancen nan masu kiran 'yan'uwa da surukai suna tozarta mutum, wannan ba kai rahoton bashi ba ne, cin zarafi ne. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta shimfiɗa musu ka'idar rajista tun 2022, kuma can ake kai ƙararsu. Amma rashin mutuncinsu bai goge kuɗin da aka karɓa ba.

Ni ban taɓa cin bashin banki ba. Ke nan tarihina fes yake?

Fes yake, amma fanko ne, kuma fanko ba shi ne mai kyau ba a lissafin banki. Wannan ya fi shafar Kano fiye da wurare da yawa, domin yawancin bashin garin nan ba ya bi ta banki. Dila a Kwari ya ba yaronsa atamfa ta miliyoyi a kan amana, a biya bayan Sallah. Mata su yi adashi shekara da shekaru babu wadda ta taɓa karya layi. Duk wannan gaskiya da riƙon amana, kwamfutar kamfanonin nan ba ta san da su ba.

Ba ina cewa a je a ci bashi don a gina suna ba. Wanda ba ya buƙata ya gode wa Allah ya zauna lafiya. Amma mai niyyar neman jari nan gaba ya sani cewa idan rahotonsa fanko ne, takardar shige da ficen kuɗinsa ce za ta yi magana a madadinsa. Duba amsar da ke sama kan yawan asusu.

Ni da bankin Musulunci nake hulɗa, ba ruwana da riba. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, Malam. Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, da TAJBank da ya zo a 2019, da Lotus a 2021, duk a ƙarƙashin CBN suke, kuma dokar kai rahoto ta hau kansu. Idan banki ya saya maka mota ko injin niƙa ya sayar maka a tsarin murabaha, kana biya wata-wata, ragowar kuɗin bashi ne a kanka. Rashin ruwa bai hana a rubuta cewa ka yi jinkirin wata biyu ba. Buɗe asusu kawai a wurinsu kuwa, kamar ko'ina, ba ya shiga.

Na rubuta caki, aka je babu isassun kuɗi. Me zai biyo baya?

Wannan ce hanyar da asusun karant ke jefa mutum cikin kundi ba tare da ya ci rancen kowa ba. Bankuna suna kai rahoton cakin da ya dawo saboda rashin kuɗi. Ka'idar CBN ta ce wanda ya maimaita haka har sau uku a soke sauran cakin da ke hannunsa, a hana cakinsa wucewa tsakanin bankuna na shekara 5, a kuma hana shi rance a duk bankunan ƙasar na shekara 5, sannan a tura sunansa ga kamfanonin nan uku da CRMS. Ban da wannan, akwai dokar 1977 da ta mai da ba da cakin banza laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara.

Al'adar nan ta rubuta caki da kwanan watan gaba, a ba dila ya riƙe a matsayin jingina, ita ce ta fi jawo wannan. Kai kana jiran kuɗin kaya daga Maraɗi, shi kuma ranar na cika ya kai banki. Idan ka ga kuɗin ba za su iso ba, ka same shi tun kafin ranar ku sake magana.

Maƙwabcina ya kawo min fom in sa masa hannu. Zan iya shiga matsala?

Ka fara duba wane irin fom ne, don iri biyu ne kuma mutane suna gwama su. Akwai na shaida, wanda ake nema wajen buɗe asusun karant: mutum biyu masu irin wannan asusu su ce sun san shi. Wannan ba ɗaukar bashi ba ne kuma ba ya shiga tarihinka, sai dai kada ka shaidi wanda ba ka sani ba, domin idan ya yi zamba za a nemo ka a yi maka tambayoyi.

Na biyu shi ne na garanto, wato tsaya wa mai cin rance. Wannan alkawari ne cewa idan bai biya ba kai za ka biya. Yana fitowa a rahotonka, kuma idan bashin ya lalace, lalacewar za ta taɓa ka. Na san kunya tana da ƙarfi a garin nan. Abokin zama a majalisa ko ɗan ƙanwar mahaifiya ya miƙo takarda, cewa a'a sai ya zama kamar yanke zumunci. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne ka dubi adadin kuɗin da ke kan takardar, ka tambayi kanka ko za ka iya biyansa daga aljihunka ba tare da gidanka ya girgiza ba.

Wani ya ce in ba shi BVN ɗina ko asusuna, za a turo tallafi a ba ni kaso.

Kada ka yarda. Abu biyu ke faruwa da irin wannan. Ko dai a ci rance da sunanka, musamman idan ka haɗa da lambar sirrin da aka turo maka a waya, ka wayi gari da bashin da ko ƙwandala ba ka gani ba. Ko kuma a bi da kuɗin damfara ta asusunka, idan bincike ya taso kai ne na farko da za a tarar.

Na biyun ya fi muni, don yana iya kai BVN ɗinka cikin jerin sa-ido da CBN ya kafa wa ka'ida a 2017. Wannan jerin daban yake da tarihin bashi. Mai tsohon bashi zai iya buɗe asusun ajiya. Wanda ke jerin sa-ido kuwa sabon banki ba zai karɓe shi ba. Ɗalibai da matan da ake bi gida-gida ana karɓar lambobinsu da sunan ƙungiyar tallafi su ne aka fi cuta ta nan.

Kuɗin korona da na manoma da aka raba, ba kyautar gwamnati ba ce?

Rancen da aka bayar a 2020 ta hannun ƙaramin bankin NIRSAL lokacin korona rance ne, haka ma na shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 don manoman shinkafa da sauransu. Mutane da yawa sun karɓa a kan cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu ma wakilai ne suka cike musu fom suka yanki nasu kason. Amma da BVN aka karɓa, kuma takardar da aka sa wa hannu ta rance ce. Idan kana cikinsu, je ka nemi sanin ragowar da ke kanka, ka karanta amsar GSI da ke sama.

Ɗaliban BUK da sauran makarantu masu karɓar kuɗin karatu na asusun NELFUND, wanda ya fara a 2024, su ma su riƙe wannan: babu ruwa a kansa, biya kuma sai shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa, amma sunansa rance.

Ina da tsohon asusu da na daina amfani da shi tun tuni. In rufe shi ko in bar shi?

Asusun ajiya da aka bari ba ya zama bashi. Idan ya shekara ba ka taɓa shi ba, banki zai ɗauke shi a matsayin wanda ya yi barci, kuma a ka'idar CBN ta 2024 kuɗin da suka shekara 10 a haka ana mayar da su wani asusu na musamman a Babban Banki, inda mai su ko magadansa za su iya nema ta hannun bankinsu. Rufe asusu ma ba ya rage maki.

Tsohon asusun karant ko na albashi shi ne abin dubawa. Idan an bar shi da ɗan ragowar obadiraf, ko wani caji ya mayar da shi ƙasa da sifili, banki na iya lissafa shi bashi yana ta hawa. Je ka reshe, nemi a buga maka abin da ke ciki, biya idan akwai, ka rubuta takardar rufewa, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimi.

Ni ma'aikaci ne. Zan iya mayar da albashina wani banki?

Idan babu rance a jikin albashin, sauyawa ba ta taɓa tarihinka. Idan akwai, ka tuna cewa an ba ka shi ne bisa sharaɗin albashin zai riƙa sauka a nan. Janye shi ba tare da an daidaita ba yana sa biya ya tsaya, kuma rancen da ya kwana 90 ba a biya ba bankuna suna lissafa shi cikin waɗanda suka lalace. Shi ya sa ofisoshin albashi da sabon banki sukan nemi takardar shaidar cewa tsohon bankin ba ya binka komai.

Ta yaya zan ga nawa rahoton? Dubawar ba za ta rage min maki ba?

Dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanin tarihin bashi. Ana nema ta shafukansu na intanet da BVN da shaidar kai; bayan na kyautan, sauran sai an biya. Duba naka da kanka ba ya rage komai. Ka nemi na dukkan ukun idan da hali, domin wani mai ba da rancen wuri ɗaya ko biyu yake kai rahoto, sai ka ga bashi ya fito a nan bai fito a can ba. Makin ma kowa da ma'auninsa. Na CRC daga 300 yake zuwa 850, kuma yawansa shi ne kyansa. Lokacin da ya fi dacewa a duba shi ne wata biyu ko uku kafin neman babban rance, don a sami sararin gyara.

Na biya tuntuni amma har yanzu yana nuna ana bina. Ina zan dosa?

Fara da wanda ya ba ka rancen, don shi ya tura bayanin kuma shi zai gyara. Kamfanin tarihin bashi ba ya goge abu da ra'ayin kansa. Rubuta takarda, haɗa da rasit ko hoton alat ɗin biya, nemi takardar shaidar ba a binka, ka kuma ce su sabunta bayaninka a duk inda suka kai. A lokaci guda ka shigar da ƙorafi a kamfanin da ya fitar da rahoton. Kada ka tsaya ga maganar baki a kan kanta. A ba ka lambar ƙorafi ko a buga hatimi a kwafinka. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN ne mataki na gaba, kuma Babban Bankin yana da reshe a nan Kano, a titin Legas.

Sai dai a bambance kuskure da tarihi. Idan da gaske ka yi jinkiri sannan ka biya, za a nuna an biya, amma jinkirin ba ya ɓacewa nan take. Doka ta ce a riƙe bayanin aƙalla shekara 6. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da ɗan'uwa a ciki da zai wanke maka suna, kuɗinka kawai yake so.

Ɗana yana karatu a Ingila, ya ce buɗe asusu a can yana taɓa maki. Ya aka yi ya bambanta?

Gaskiya ya faɗa, tsarin can daban ne. A Birtaniya bankuna sukan duba mai neman asusun karant a wurin Experian, Equifax ko TransUnion. Dubawar iri biyu ce: mai sauƙi, wadda shi kaɗai zai gani kuma ba ta taɓa maki, da mai zurfi, wadda sauran masu ba da rance za su gani har kimanin shekara guda. Neman asusu mai obadiraf ne ya fi jawo mai zurfin, don haka ɗalibin da ya nemi irin wannan a bankuna huɗu cikin wata ɗaya zai iya ganin makinsa ya ɗan sauka. A Amurka kuwa yawancin bankuna wani kamfani daban suke tambaya, ChexSystems, mai ajiye bayanin asusun da aka rufe da bashi ko cakin banza. Tarihin ɗanka na Najeriya, mai kyau ko akasin haka, ba ya binsa can kai tsaye. Daga fanko zai fara.

Bankin da ke bina bashi an ƙwace lasisinsa. Bashin ya mutu ke nan?

Bai mutu ba. Lokacin da CBN ya soke lasisin bankin Heritage ranar 3 ga Yunin 2024, NDIC ce ta karɓi ragamar, kuma aikinta biyu ne: biyan masu ajiya, da karɓo basukan da bankin ke bin mutane, don da su ake cike wa waɗanda ajiyarsu ta haura abin da inshora ta tsaya wa. Masu ajiya da yawa ta BVN aka gano asusunsu na wasu bankuna aka tura musu kuɗinsu. Wanda yake da ajiya kuma ana binsa rance a banki ɗaya, sai an cire bashin kafin a ba shi saura. Idan kana cikin irin wannan hali, NDIC za ka nema ka ci gaba da biya a asusun da ta ayyana, ka kuma karɓi takardar shaida idan ka gama, domin babu sauran reshen da za ka koma ka ce a gyara maka rahoto.